Ƙarko Babu Ƙugiya

"Ba zan yi ba, Baba."

Ni kaina ban san muryata za ta iya fitowa haka a falonmu ba. Mama tana ninke kayan wanki a kan doguwar kujera, sai hannunta ya tsaya cak a kan rigar Baba, hannun rigar yana lilo. Baba ya sauke tabaraunsa zuwa kan hanci ya dube ni ta samansa, irin kallon da ya yi shekara da shekaru yana yi wa 'yan firamare idan suka rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa".

"Maimaita, Uwata. Kunnen nan ya fara tsufa."

Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Tun da nake bai taɓa kirana da wani suna ba, ko ranar da na fasa masa rediyo.

"Ba zan sa sunana a wannan rajistar ba. Ka yi haƙuri."

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku ce boko ya hau min kai, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Ina aiki a wani ƙaramin ofis a saman shagon masu gyaran waya, muna gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Kafin a gina shafi sai an yi masa rajistar adireshi, wato sunan da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso wurinka. Domen muke ce masa a ofis. Kamar fili yake: kafin a sa bulo ɗaya sai an rubuta sunan mai shi, kuma ranar da rigima ta tashi, wanda aka rubuta sunansa ake nema. Ba ruwan kowa da wanda ya zuba kaya a ciki.

Shi kuma wanda ake maganar dominsa, Mai Sola kowa yake ce masa a gidanmu. Ni na kawo shi da ƙafata, ba wanda ya tura min shi. Ya zo gyaran inbatar ofishinmu ne, na'urar da ke ba mu wuta daga batir, cikin farin yadi mai guga kamar ba aiki ya zo ba, ya durƙusa a bayan tebur ɗina yana warware waya, ya ɗago ya ce, "Hajiya, ki ɗan janye ƙafa, kar wutar ta kama ni ta hanya biyu." Na harare shi. Da yamma na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a cikin mota. Daga nan kun san sauran.

Bai yi wata biyu da fara zuwa gidanmu ba ya hau rufin da kansa ya kafa mana farantan sola, ya ajiye ƙaton batir a kusurwar falo. Mu da muka saba a ɗauke wuta da safe sai an ga dama, sai ga fanka tana juyawa dare da rana. Mama ta rufe batirin da wani farin ƙyalle mai aikin saƙa, ta ɗora masa furen roba kamar amarya. Baba kuwa, duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya nuna masa fankar. "Aikin ɗana ne," yake cewa. Maƙwabta suka riƙa zuwa shagon Mai Sola a kan maganar Baba, don a unguwarmu in Malam ya ce abu mai kyau ne, ba a sake tambaya.

To saƙon da ya jawo komai, ina zaune a ofis ya shigo:

"Gimbiyata, ina so ki buɗe min shafi. karko-na-asali. Ki sa sunanki a matsayin mai shi. Kyautata ce gare ki, abina naki ne."

Har da hoton zuciya uku.

Ƙarko kuwa kun san su, ko in ce duk mai batir a gida ya san su. Kamfanin da ke yin batura da fitilun sola, masu tambarin kunkuru ɗauke da ƙwan fitila a bayansa. Su ne a kowane allon talla na kan titi. Kayansu Mai Sola yake sayarwa, a yadda na sani.

Na rubuta masa: "Ba zai yiwu ba. Sunansu ne, sun yi masa rajista. Mu zaɓi naka na kanka."

"Sunansu? Ƙarko Hausa ce. Kakata ma tana cewa tukunyarta ta yi ƙarko. Kamfani ya sayi Hausa ne ban ji ba?"

Na yi murmushi, don gaskiya ya iya magana. Na ce masa in igiya yake sayarwa ya ce mai ƙarko ce, ba mai taɓa shi. Amma ya sayar da batir a shafin da ya kira da sunan masu batir, har ya ƙara "na asali", duk wanda ya shigo zai ɗauka ƙofar kamfanin ya buga. Wannan shi ne abin da doka ta hana.

"Nasu da ƙugiya a kan k ɗin. Nawa babu. Kin ga ba ɗaya ba ne."

"A adireshi ba a saba sa ƙugiya ba. Su kansu k zalla suka rubuta a nasu."

Ya karanta, bai ba ni amsa ba. Ashe wurin Baba ya kai amsar.

Shi ya sa nake tsaye a falo a wannan yammacin, ni da abayar ofis ban ko cire ba, jakata a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a bakin ƙofa.

"Kalma ta kowa ce," in ji Baba. "Na koyar da ita kafin a haifi masu kamfanin."

"Haka ne, Baba. Amma akwai wani mai sayar da takalma da ya taɓa zuwa ofishinmu. Wani wuri aka yi masa irin wannan, ya lanƙaya sunan wani kamfani a adireshinsa. Suka kai ƙara, aka ƙwace adireshin, duk masu cinikinsa suka watse, lauyoyi suka bi shi har gida. Yana kuka ya zo mu gina masa sabo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta..."

"Ni za ki yi wa karin magana?"



Mama ta ajiye rigar. "Ke dai ban san irin zuciyarki ba. Namiji ya ce abinsa naki ne tun kafin a ɗaura, wasu matan har su mutu ba su san inda mijinsu yake ajiye makullin shago ba, ke kuma kina kawo mana zancen lauya."

"Mama, in abin alheri ne me ya hana ya sa sunansa?"

"Don yana sonki, shashasha."

Baba ya nuna sama da yatsa, inda fankar take juyawa. "Wannan iskar da kike sha kina musu da ni, wa ya kawo ta? Mutum ya haskaka gidan ubanki, ya roƙi abin da bai fi ki danna maɓalli ba. Ni na ce ki yi."

Na ji hawaye yana tahowa, na mayar da shi. Ni ba na kuka a gaban mutane, ko a makaranta an san ni da wannan.

"Ka ce in bar aikin, zan bari. Ka ce kar in sake fita, zan zauna. Wannan ɗin ne ba zan yi ba."

Ya mayar da tabaraunsa, ya buɗe jarida. "Tashi ki ba ni wuri."

Babu "Uwata".

Kwanakin da suka biyo baya, ba na yi wa maƙiyina fatansu. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya zage ni. Da ma dukan aka yi. In na gaida Baba da safe sai ya amsa wa jarida. In na shiga kicin Mama sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Abincina a rufe nake tarar da shi a ƙofar ɗakina, kamar na mai jinya. Gwaggo, yayar Baba, ta turo min saƙon murya mai tsawon huɗuba, tana yi tana tauna wani abu:

"Ke 'yar nan, an ce kin zama alƙaliya. To sannu. Mu da ba mu yi boko ba mun zauna da maza lafiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wai ƙugiya. Ƙugiyar me? Kifi za ki kama? Ki bi a hankali, miji irin wannan ba a tsintarsa a bola. Mu dai addu'armu Allah ya sa abin ya yi ƙarko."

Da ta ce ƙarko sai da na yi dariya mai ɗaci.

Shi kuma Mai Sola, saƙonninsa suka riƙa canza launi. Da farko: "Gimbiyata ta ci abinci?" Sannan: "Ban zaci za ki kunyata ni a gaban Baba ba." Sannan: "In ba ki yarda da ni a kan suna ba, da me za ki yarda da ni?" Ina karantawa a kan gado, wayar a kan ƙirjina, fankar ɗakina tana hura min iskarsa. Kar ku ɗauka dutse ce ni. Sau nawa na buɗe kwamfutata, na rubuta adireshin, na ga babu wanda ya ɗauka, yatsana a kan maɓalli. Sai in tuna fuskar mai takalman nan in rufe.

Ranar da na gaji, na ce bari in je in same shi mu yi ta ta ƙare cikin daɗi. Na tashi daga aiki da wuri, na koma gida na sa doguwar rigata ruwan zuma wadda ya taɓa cewa ita ta sa ya kasa cin abinci, na yafa mayafi mai ruwan madara, na fesa turaren da ya saya min. Na tafi da shawara a bakina: mu je kamfanin tare ya nemi izinin zama dillalinsu a rubuce, ni kuma in gina masa shafi da sunansa na kansa, mai kyan da ba a taɓa gani ba. Har sunaye na tanada masa.

Shagon yana kan babban titi, tsakanin mai sayar da tayoyi da kantin magani. Gilashi ne gabansa, batura jere a kan kanta har sama, kunkuru a jikin kowanne. Yana ganina ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Yau rana daga ina ta fito?"

"Daga inda ka bar ta."

Ya ja min kujera, ya aika a kawo min lemo mai sanyi. Na fara jera masa shawarata, yana kallon bakina yana murmushi kamar ba ji yake ba. Ban kai ƙarshe ba wata mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wata mata ta fito, babba, da tef ɗin awo rataye a wuyanta da zare a jikin zaninta, daga gani daga kan keken ɗinki ta taso. Direban ya sauke mata batir a bakin ƙofa. Cikin batirin ya kumbura kamar an hura shi, gefe ɗaya ya yi baƙi.

"Ga kayanka," ta ce.

"Hajiya, sannu da zuwa. Shigo daga ciki mu yi magana."

"A nan zan yi. Saura kaɗan ya cinye min shago da kayan mutane. Leshin amare biyu a rataye a samansa. Da ban ji ƙauri ba, da yanzu wani zancen ake."

"Wataƙila an haɗa shi ba daidai ba ne..."

"Kai ka haɗa shi." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce matar?"

Na ce, "Tukuna."

"To ki gode wa Allah da tukuna. Na ɗauke shi na kai ofishin masu kunkurun da kaina, na ce su biya ni. Wata yarinya mai tabarau ta dube shi sau ɗaya ta ce, Mama, duba harafin farko. Ni ina na san wani harafi, ɗinki na sani. Ta ce nasu yana da 'yar lanƙwasa a kai kamar ƙugiya, wannan kuwa miƙaƙƙe ne. Ba nasu ba ne. Suka ɗauki hotonsa, suka tambaye ni inda na saya."

"Kin faɗa musu?" Muryarsa ta sauya.

"Na ce sai na fara zuwa na ga idonka, don Malam ne ya turo ni wurinka, kuma Malam ya koyar da 'ya'yana. Darajarsa ka ci."

Ban ji sauran ba. Na miƙe na bi kantar da ido, daga ƙasa har sama. Karko. Karko. Karko. Ni 'yar malamin Hausa, wadda aka dinga buga wa rula a yatsu saboda ƙugiya, na shigo shagon nan ban san adadi ba, ban taɓa gani ba. So ya rufe min ido har na kasa karanta harafi ɗaya.

Akwai labule a bayan kantar. Na ɗaga. Kwalaye ne jibge, a buɗe, cike da batura farare tas ba rubutu ko ɗaya a jikinsu. A kan wani benci ga naɗin sitika kamar naɗin bandeji, kunkuru bayan kunkuru bayan kunkuru.

Na shiga na tsaya a tsakiyar kwalayen.

Sai da ya lallaɓa matar ta tafi da alkawarin sabo, sannan ya shigo ya same ni. Bai ko ji kunya ba. Abin da ya fi girgiza ni ke nan, har yau.

"Duk kasuwar nan haka ake yi," ya ce. "Kayan suna aiki. Ɗaya cikin ɗari ne yake ba da matsala."

"Me ya sa sunana?"

"Na gaya miki, kyauta..."

"Me ya sa sunana?"

Ya shafa gemunsa, ya kalli kwalayen. "An taɓa rufe min wani shafin. Sunana yana wurin masu kamfanin. In suka sake ganinsa ba takarda za su turo ba. Ke kuwa kin yi boko, kin san yadda ake magana da su, kuma mace ba a cika matsa mata ba. Da mun yi aure ai duk ɗaya ne."

Wato ya sani. Tun ranar da ya turo zuciyoyin nan uku ya sani. Tsuntsun da ya ja ruwa ya nemi wanda ruwan zai doka.

Na gyara mayafina. "Ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za ka ga sunana a wannan abin ba."

Sai ya yi murmushi, wannan murmushin da na taɓa rasa barci a kansa. "Kwantar da hankalinki, Gimbiya. An riga an gama tun da safe. Na samu wanda ya yarda da ni."

Ku gafarce ni, zan gaya muku gaskiyar abin da ya zo min a rai. Ba batura na tuna ba, ba kamfani ba. Cewa na yi, wace ce? A cikin motar haya ina zaune a takure tsakanin wata mai kwando da taga, kishi yana cin hanjina. Mutumin da na gama ganin ƙaryarsa da idona, amma ina lissafa 'yan matan da suke masa sharhi a hotuna. Har na zaɓi ɗaya, wata mai yawan sa jan baki, na ce ita ce, Allah ya ƙara. Zuciya ba ta da kunya.

Na shiga gida rana ta yi sanyi. Baba yana falo cikin shuɗiyar rigarsa ta fita, da hula, kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure. Rabon da ya dube ni har na manta, amma ranar ya ajiye jarida ya dube ni.

"Zo ki zauna."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Na sauke miki nauyi," ya ce. "Yaron nan ya zo da safe. Na ba shi katin shaidata da lambar wayata, ya kai wani wuri an yi masa. Abin da 'ya ta ƙi yi, uba ya yi. Yanzu sai ki huta, sunanki yana nan ba wanda ya taɓa miki."

Fankar tana juyawa, agogon bango yana tafiya, wani yana sayar da ruwa a waje, komai yana nan yadda yake, ni kaɗai ce na daina numfashi.

"Baba... sunanka?"

"Sunana. Da ban yarda da mutum ba, zan ba shi 'yata?"

Na rarrafa zuwa kusurwar falon, na sauke furen roba, na yaye farin ƙyallen Mama.

"Ke, meye haka?" in ji Mama.

"Baba, don Allah zo ka karanta min wannan."

Ya so ya ƙi. Amma malami ba ya iya ƙin karatu. Ya taso a hankali, ya dafa gwiwa ya sunkuya, ya gyara tabarau. Na ga leɓensa ya motsa. Ya ɗora yatsa a kan harafin farko, ya shafa shi kamar mai neman abin da ya faɗi.

"Ina ƙugiyar?" ya ce, a hankali, yadda yake tambayar ɗalibi.

Na gaya masa komai. Matar mai ɗinki da batirinta da ya kumbura, labulen, kwalayen, naɗin kunkuru, shafin da aka taɓa rufewa. Na gaya masa cewa matar ta ce darajarsa aka ci. A nan ne ya zauna a kan hannun kujera, wurin da yake hana mu zama.

"Sai a goge," in ji Mama. "Ke ba aikinki ba ne? Goge sunan."

"Ba zan iya ba, Mama. Sunan na Baba ne, amma kalmar sirrin shiga tana hannunsa. Shi ke da makulli, Baba ke da laifi."

Na kira Mai Sola a gabansu, na sa a lasifika. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake. A karo na gaba aka ce wayar a kashe take. Baba ya kira da tasa, da yatsa ɗaya yana neman lambar da ya ajiye da sunan "Ɗana". Ita ma haka.

"Hanya ɗaya ta rage," na ce. "In je kamfanin kafin su zo. In kai musu katinka, in gaya musu yadda aka yi, su sa a rufe shafin tun bai fara ciniki da sunanka ba."

"Su kama shi ke nan," in ji Mama.

"Wataƙila."

"Unguwa ta ji cewa Malam ne ya tura mutane sayen jabu. Gidan mai kanti, gidan direba, har gidan gwaggonki." Ta ajiye ludayin a kan talabijin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dube ni, idonta ya cika. "Da kin sa naki tun farko, da ba a kai ga na mahaifinki ba. Ke kin san hanyar fita. Shi me ya sani?"

Wannan maganar, 'yan'uwa, har yanzu tana nan a ƙirjina kamar ƙaya. Na san ba gaskiya ba ce. Kuma na san akwai gaskiya a cikinta.

Baba ya miƙe ya je bango, ya kashe fankar. Ya sunkuya ya zare wayar batirin da hannunsa. Fitilar falon ta mutu, firij ya yi shiru. Muka zauna muna kallon fukafukan fankar suna rage gudu har suka tsaya, zafi ya sauko mana kamar bargo.

Washegari da safe na fito cikin baƙar abayata, ba kwalli ba turare. Yana zaune a wurinsa, jaridar jiya a hannunsa, gumi a goshinsa. Katin shaidarsa yana kan tebur. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, ya juya wajen kicin.

"Ki ce mata ta ɗauka."

Na ɗauka.

A kan benci nake rubuta muku wannan, a ofishin masu kunkuru, ina jiran a kira ni wurin lauyansu. Ga sunan a bango da manyan baƙaƙe, da ƙugiyarsa a kai, ƙarama, ba ta fi ƙumbar yatsa ba. Wayata ta yi ƙara ɗazu. Mai Sola ne ya kunna tasa, ya turo: "In kika shiga wurin nan, kin kashe aurenmu da hannunki." Ban san wanda ya gaya masa ba. Na goge "Haskena" da na ajiye lambarsa da shi, na bar ta tsirara.

Da za a mayar da ni falon nan, a sake ba ni umarnin, amsata ba za ta canza ba. Amma kar wata ta karanta wannan ta ɗauka kyauta ake tsayawa. Sunana yana nan fes, ba wanda ya taɓa shi. A kansa na rasa mutumin da nake so, gidanmu ya koma duhu, mutuncin da Baba ya tara da alli zai zube a unguwa ta bakina, kuma tun ranar da na ce ba zan yi ba, bai sake ce min Uwata ba.

Ga yarinya mai tabaraun nan ta leƙo, tana tambaya wace ce 'yar mai shafin.